Numfashin Mai Jan Baki

Juma'a, 15 ga Sha'aban, 1374 (shekarar Nasara 1955)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Malam Hudu ya zo zaurena bayan an sauko daga masallaci domin mu daidaita zancen tafsirin bana. Babu abin da ya sake: ni in ja baki, shi ya fassara wa jama'a, izu biyu a rana tsakanin azahar da la'asar, a gindin durumin ƙofar masallacin unguwarmu. Haka muke tun gemunmu yana baƙi. Da zai tashi ya tsaya yana dubana, ya ce, "Alaramma, jiki dai lafiya?" Na ce lafiya lau.

Ban gaya masa cewa tun farkon bazarar nan numfashina yake guje mini ba. Matata Rakiyya kaɗai ta sani, domin ita take jin hakina idan na dawo daga masallaci.

Litinin, 18 ga Sha'aban

Na gwada kaina da hantsi, ni kaɗai. Ayar da nake ɗauka da numfashi guda, yau sai da na tsaya a tsakiyarta ina jin jiri.

Na zauna ina tuna Gagarawa, tun jirgin ƙasa bai iso can ba, lokacin da muke gaban Malam Ɗantsoho, Allah Ya jiƙansa. A tsangayarsa aka fara sanina da dogon numfashi. Daga baya har Maigatari ake kirana ranar Alhamis, fatake daga ƙasar da Faransa take mulka su ɗaure raƙumansu su zauna. In na ja aya mai tsawo ban yanke ba, sai ka ji kabbara ta tashi daga baya ta zo gaba. Ina roƙon Allah Ya sa domin Shi nake yi. Amma kabbarar nan na ji daɗinta, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Laraba, 20 ga Sha'aban

Ranar kasuwa. Na ratsa ta ɗakin shan magani na En'e. Malamin wurin, mutum mai ladabi, ya ɗora abin sauraronsa a ƙirjina da bayana, ya ce ba tarin fuka ba ne, alhamdu lillahi. Shekaru ne, da ɗan sanyi da ya kwanta a ƙirji. Ya ba ni magani a kwalba. Tari ya ragu. Numfashi yana nan inda yake.

Asabar, 1 ga Ramalan

An ga wata jiya. An buɗe tafsiri. Allah Ya rufa asiri.

Litinin, 3 ga Ramalan

Zafi irin na bana sai dai addu'a. Maƙogwaro a bushe, iska ba ta motsi a gindin durumi. Ina ja, ina ji kamar an ɗaure mini ƙirji da igiya. Malam Hudu ya daɗe yau a kan wani bayani da ba ya daɗewa a kansa, har ya kawo labarin wani bafatake da bai taɓa kawowa ba. Ina zaton ni yake ba lokaci in huta. Bai ce ba, ban tambaya ba.

Laraba, 5 ga Ramalan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk da haka zan rubuta.

Mun iso ayar da ta hana wanda yake cikin maye ya kusanci salla. Kowane gardi ya san ba a tsayawa a tsakiyarta, domin farkonta shi kaɗai hani ne ga salla, sai an sadar da shi da sharaɗin da ke biye sannan ma'ana ta daidaita. Ni da bakina na koya wa mutane da yawa haka. Yau a daidai wannan wuri numfashina ya yanke. Ba laifi ba ne ga wanda larura ta kama, sai ya koma baya kaɗan ya sadar. To, tari ya sarƙe ni, na kasa komawa.

Malam Hudu kuwa idonsa a lumshe yake kamar yadda ya saba. Da ya ji shiru sai ya karɓa, domin tun fil azal shiruna shi ne alamarsa. Ya fassara rabin da na ba shi da murya sama, sannan ya farga, ya buɗe ido yana jiran ragowar. Ragowar ba ta zo ba. Muntaka ne, tsohon ɗalibina da yake fataucin fata yanzu, ya ƙarasa ta daga cikin jama'a.

A hanyar gida Barau mai kanwa ya tare ni. Bamange ne, dangin Barebari, ni kuwa Innata Bafillata ce, saboda haka wasa tsakaninmu ya daɗe. Ya ce, "Alaramma, Allah Ya saka da alheri! Tun ina yaro nake jiran malamin da zai ɗauke mana sallar nan, ashe sai Bafillace." Na ce, "Kai da ma ba jiran izini ka yi ba." Aka yi dariya, na yi tare da su. Da na shiga gida na kasa shan kunun buɗa baki.

Alhamis, 6 ga Ramalan

Dattawan masallaci sun zo da sassafe. Sun yi magana mai kyau, ba wanda ya ambaci jiya. Suka ce ko Alaramma zai huta kwana biyu, Muntaka ya riƙe. Malam Hudu yana cikinsu, kansa a ƙasa, yana ta jan carbi.

Na ce to. Me zan ce?

Kwana biyun dattawa na san tsawonsa. Idan ban koma ba kafin a rufe tafsirin bana, to ba ni ba buzun jan bakin nan har abada.

Juma'a, 7 ga Ramalan

Daga zaure ina jiyo kabbara. Sau da yawa.

Lahadi, 9 ga Ramalan

Yayata Adda ta zo daga rugarsu da ke bayan Sule Tankarkar. Labari ya kai mata ta bakin masu tallan nono. Ita ce babbarmu, ta girme ni nesa, amma a ƙasa ta taho da azumi a bakinta, jakin maƙwabcinsu yana ɗauke da kayanta. Ta shigo ba ta haki.

Ba ta kira ni Alaramma ba, ba ta taɓa ba. Ta ce, "Nata'ala, karanta in ji." Na ce, "Adda, ki huta tukuna." Ta ce, "Ni na ce maka na gaji?"

Na ɗauko Alƙur'ani na fara. Ba karatun take saurare ba, kallona take yi. Can ta ce, "Tsaya. Wa ya koya maka numfashi da kafaɗa? Dubi yadda kake ɗaga su kamar kaza ta ji zafin rana. Ga baki a buɗe. Ga ka ka tanƙware a kan littafi, ka danne cikinka."

Na ce ido ne ya yi rauni, dole in sunkuya.

"Ba a kanka yake ba? Tun kana da ƙuruciya ake cika mana kunne cewa ka haddace."

Sannan ta ce in sassauta zariyar wandona. A gaban Rakiyya! Rakiyya ta juya baya tana danne dariya.

Abin da ta faɗa bayan wannan shi ne ya tsaya mini. Ta ce ina zuƙar sabon numfashi tun tsohon bai fita ba, saboda tsoron kada ya ƙare mini. To ina sabon zai sami wurin zama? "Fitar da na ciki tukuna, duka, a hankali, har ka ji cikinka ya lafe. Kada ka ja. Rufe bakinka ka jira, shi zai shigo da kansa ta hanci."

Ta tambaye ni ko na tuna Inna a hanyar kasuwar Gumel. Ya za a yi in manta? Ƙwaryar nono a ka, rairayi yana cin ƙafa, ita kuwa bakinta a rufe tun daga ruga har ƙofar gari. Idan muka dame ta da surutu sai ta ɗaga hannu kawai. Mu a zatonmu faɗa ne. Adda ta ce ba faɗa ba ne, ruwan jikinta take tattali. Mai tafiya da baki a buɗe kafin rana ta take maƙoshinsa ya bushe. Haka masu jan guga a rijiyoyinmu masu zurfi suke yi har yau, in ji ta: su saki numfashi tare da ja, su bar shi ya shigo sa'ad da hannu yake komawa.

Ta kuma kawo wasu saiwoyi ta ce a yi mini turare da su. Wannan kam na ƙi, hayaƙi shi yake tayar mini da tari. Mun ɗan yi musu. Ta ce taurin kai na gidan ubanmu ne.

Talata, 11 ga Ramalan

Abin mamaki. Ina kwance da hantsi ina gwada abin da Adda ta ce, sai Malam Ɗantsoho ya faɗo mini a rai sarai kamar yana tsaye a kaina. Ashe shi ma haka ya yi mana. Kafin ya yarda mutum ya fara tilawa da murya, sai ya sa shi ya kwanta rigingine a kan rairayi, ya ɗora masa allo a cibiya. Idan allo ya tashi ya sauka, to madalla; idan kuwa ƙirji ne ya motsa allo yana kwance, sai ya taɓa ka da tsinin sandarsa ya ce, "Ƙasa, ƙasa." Muna yi muna ƙyalƙyala dariya, allunan suna zamewa. Ina iya jin sanyin rairayin nan a bayana har yanzu, da ƙamshin tawadar da aka dafa da ƙaro.

Yaushe na bar wannan? Ban sani ba. Ƙuruciya tana da ƙarfin da za ta ja ko ta ina, sai mutum ya manta ta inda aka nuna masa.

Na aika aka ɗauko mini tsohon allona. Da farko bai motsa ba. Daga baya ya ɗan tashi.

Juma'a, 14 ga Ramalan

Ya wajaba in rubuta ni'ima kamar yadda na rubuta jarrabawa. Jirin nan ya tafi. Barci ya daidaita, Rakiyya ta ce na daina minshari mai tsoratar da ita. Na je masallacin Juma'a na dawo da bakina a rufe, ban tsaya hutawa a inuwar kowa ba. Ƙishirwar azumi ma ta yi sauƙi. Abin da ban zata ba shi ne zuciya: idan na saki numfashi a hankali har ƙarshensa, sai in ji ƙuncin da nake ɗauke da shi tun ranar Laraban nan yana sassautawa. A salla kuma natsuwa ta ƙaru. Malamanmu sun ce kowane numfashi ajiya ce da za a tambayi bawa a kanta. Ban taɓa tunanin har yadda ake shigar da shi da fitar da shi yana cikin kula da ajiyar ba.

Da na ga haka sai na yi kwaɗayi. Na zauna a miƙe, na ɗauki aya mai tsawo irin ta da.

Ban kai ba. Ban ma yi kusa ba.

Na gaya wa Adda. Tana tsinkar zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ni lafiya na ce zan nemo maka. Ban ce zan maido maka da shekarunka ba."

Lahadi, 16 ga Ramalan

Na je tafsiri, na zauna can baya kusa da masu sayar da asawaki. Mutane suka yi ta matsawa za su ba ni wuri a gaba, na ce a'a.

Muntaka gwani ne. In faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: muryarsa wankakkiya, harafinsa daidai, numfashinsa kuwa ya kai nawa na da, watakila ya fi. Yana ja, ana kabbara.

Amma ni Malam Hudu nake kallo. Ban taɓa ganinsa daga gaba ba, kullum a gefensa nake. Ya tsufa ƙwarai. Muntaka yakan zubo masa aya biyu ko uku a haɗe, shi kuwa dole ya riƙe su duka a kansa, ya warware su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya kai ƙarshe muryarsa ta dushe, ya koma yana tambaya, "Ina muka tsaya?" Kafaɗunsa suna ɗagawa suna sauka. Kamar kaza ta ji zafin rana, in ji Adda. Na kusa yin dariya, sai kuma hawaye ya zo mini.

Tsoffin da ke kusa da ni, da kabbara ta lafa, sai su koma gyangyaɗi. Fassarar ba ta iso musu.

Talata, 18 ga Ramalan

Adda ta koma. Hadari ya haɗu ta gabas jiya, ta ce shuka ba za ta jira ta ba. Na raka ta har bayan gari. Ba mu yi magana a hanya ba, kowa bakinsa a rufe. Daga baya ina kallon tafiyarta, tafiyar Inna ce sak.

Da za mu rabu ta ce, "In na ji ka sake ɗaure zariyar nan, zan dawo." Allah Ya sa ta dawo ko ban ɗaure ba.

Alhamis, 20 ga Ramalan

Malam Hudu ya zo da hantsi, abin da bai saba ba cikin azumi. Ya tarar da ni kwance rigingine a zaure da allo a ciki. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Subhanallahi! Alaramma, rubutun ne ba ka iya jira a wanke ba, ka ɗora shi ta waje?"

Na ba shi labari. Ya sami wuri ya zauna. Can ya ce, "Yaron nan zai kashe ni, Alaramma." Yaron da yake nufi yana da 'ya'ya sun yi aure. Ya ce ba laifin Muntaka ba ne, shi ne ba ya iya ɗaukar kaya mai yawa yanzu. "Kai kuwa a farkon azumin nan kana ba ni kaɗan-kaɗan, ina jin daɗi. Na zaci tausayina kake yi."

Na ce, "Ni kuma na zaci labarin bafataken nan domin ni ka kawo shi."

Ya ce, "Domin kai ne mana. Ka taɓa jin labari maras kan gado irinsa?"

Ban san lokacin da muka yi dariya irin wannan ba, har tari ya kama mu duka biyu.

Na sa aka kawo allo na biyu. Ya yi ta noƙewa, ya ce mutum da rawaninsa. Na ce ya cire rawanin. Rakiyya ta leƙo za ta wuce, ta ga malamin tafsiri da mai jan bakinsa a kwance kamar an shanya su, ta ce, "La ilaha illallahu," ta koma da baya.

Allonsa ya fi nawa taurin kai.

Asabar, 22 ga Ramalan

Malam Hudu ya yi wa dattawa magana, sun yarda in koma. Ban so Muntaka ya ji a bakin wani ba, saboda haka na je gidansa da kaina. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Wurinka ne, Alaramma, riƙo aka ba ni." Maganar daidai ce, amma fuskarsa ta nuna ya so wurin. Na san wannan son.

Na zauna a miƙe, littafi a buɗe a gabana saboda ladabi, ban sunkuya ba. Kafin in fara na fitar da na ciki duka, na jira. Na ba Malam Hudu gaɓa-gaɓa, kowace a inda ma'ana ta cika. Yana fassara ina numfashi, ina ja yana numfashi, kamar mata biyu a turmi ɗaya.

Babu kabbara ko ɗaya. Na lura da rashinta, ƙarya ne in ce ban lura ba.

Barau ya ce, "Bafillace, yau ka maido mana da sallar ke nan?" Na ce har da ramuwar waɗanda ya sha.

Talata, 25 ga Ramalan

Wata tsohuwa daga bayan zana, wurin mata, ta aiko a tambayi Malam Hudu ma'anar wata kalma da ya faɗa. An daɗe ba a aiko da tambaya daga can ba.

Asabar, 29 ga Ramalan

An rufe tafsiri. Alhamdu lillahi da ni'imarsa ayyuka suke cika.

Izu biyun ƙarshe duk gajerun surori ne, ayoyinsu daidai numfashin tsoho. Ina ja ina tunani: da waɗannan aka fara mana muna ƙanana a Gagarawa, muna ihu da su ba mu san ma'anarsu ba. Yau ga su sun sake karɓata. Malam Hudu ya yi addu'a mai tsawo, muryarsa ta kai har ƙarshe. Ya ambaci malamanmu da suka riga mu, ya sa Malam Ɗantsoho a ciki. Ni a zuciyata na ƙara Inna.

An yi ruwan farko da la'asar, muna tashi. Ƙamshin ƙasa. Na tsaya na shaƙe shi ta hanci har cibiya.

Talata, 2 ga Shawwal

Muntaka ya zo gaisuwar Salla. Da zai tafi na ce ya riƙa zuwa ranar da ba kasuwa. Ya ce me zai karanta? Na ce ba abin da zai karanta, ja ya iya shi, tsayawa zan nuna masa, domin Malam Hudu ba ya son kaya mai yawa. Na ce baɗi, in Allah Ya kai mu, dogayen surorin farko suna bukatar wuya mai ƙarfi irin nasa, ni sai in karɓa daga tsakiya. Ban shirya faɗar haka ba. Ta fito ne kawai.

Bayan ya fita Rakiyya ta kawo mini fura, ta tsaya. Ta ce, "Malam, wai numfashin nan ya dawo kuwa?"

Na ce mata bai dawo ba.

Ta ɗauki ƙwarya ta tafi. Na zauna ina jiran in ji zafin maganar. Har aka kira la'asar ina jira, bai zo ba, sai na tashi na yi alwala.